Kurakuran da ɗaliban lauya suka fi yi a darasin dokar laifuffuka, da yadda za a gyara su

Duk shekara ɗalibai daga Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bwari sukan zo ofishinmu a nan Abuja domin sanin makamar aiki, wasu kuma 'yan Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada sukan leƙo lokacin hutu. Ranar farko nakan zaunar da su in ba su labari guda. Wani mai shago a kasuwar Wuse ya ba yaronsa naira dubu ɗari biyar ya kai banki, yaro ya bi ta Mararaba ya sayi babur da kuɗin. Sai in ce, ya yi laifi? Duka su ce ƙwarai kuwa. Wane laifi? Su ce sata. A wane sashe? Nan ɗakin yake yin tsit. Wanda ya fi ƙarfin hali a cikinsu ya ce "ai 419 ne, Barista."

Kusan duk kurakuran da zan ambata daga wannan wuri suke fitowa. Ɗalibi yana jin labari sai zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci, daga baya ya shiga neman sashen da zai rataya wa hukuncin. Aikin lauya kuwa daga sashe yake farawa: a buɗe shi, a ware sharuɗɗansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a duba ko labarin ya cika kowanne.

Ɗauko kundin da ba na wurin ba

Nijeriya tana da manyan kundaye biyu na laifuffuka. Kiriminal Kod, wanda Lugga ya fara kawowa Arewa a 1904 aka kuma shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya a 1916, an kwaikwayo shi ne daga kundin jihar Queensland ta Ostareliya. Yau jihohin Kudu ne ke amfani da shi, ban da irin Legas da ta yi nata a 2011. Final Kod (Penal Code) kuma, wato na Arewa, gwamnatin Sardauna ce ta samar da shi, bayan kwamitin masana shari'a na 1958 wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta. An zartar da shi a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin samun 'yancin kai. Tushensa kundin Sudan ne, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860 aka ɗauko shi.

Abuja da Final Kod take aiki. Saboda haka sashe na 419 da kowa ya haddace ba shi ne sashen damfara a nan ba, wannan lambar ta Kiriminal Kod ce. A Final Kod damfara tana sashe na 320, sai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfarar kuɗi wadda hukumar EFCC ta fi gurfanar da mutane a ƙarƙashinta. Haka kisan kai: ɗalibi ya rubuta sashe na 316 da 319 na Kiriminal Kod alhali a Gwagwalada aka ce abin ya faru, inda ya kamata ya nufi sashe na 220 zuwa 224. Ni kaina a shekarata ta farko da fara aiki na taɓa tsayawa gaban wani alƙali ina kafa hujja da sashen Kiriminal Kod, domin littafin da na fi karantawa a jami'a a kansa aka rubuta shi. Alƙalin ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni a wace jiha muke. Wanda nake karewa yana tsaye yana kallona, kuma har yau ina jin nauyin wannan kallon.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kafin ka rubuta komai, ja layi a ƙarƙashin sunan garin da aka ce abin ya faru. Kuma ka tuna jihohi da dama sun sake nasu kundin, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassa sun canza. Kundin laifuffuka na shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara aiki da shi a 2000, wasu jihohin Arewa suka bi sahu, ba ya aiki a Abuja. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke nan lamuran aure da gado da waƙafi da makamantansu take dubawa.

Ɗaukar duk abin ƙi a matsayin laifi

Sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a kama mutum da laifi ba sai an fayyace laifin an kuma faɗi hukuncinsa a rubutacciyar doka. Wannan shi ne ginshiƙin darasin gaba ɗaya. A shari'ar Aoko da Fagbemi ta 1961 wata kotun gargajiya ta kama wata mata da laifin zina, babbar kotu ta soke hukuncin domin babu inda aka rubuta zina a matsayin laifi a dokar da ke aiki a yankin. Ɗalibai sukan haddace wannan shari'a, sai kuma su faɗa wani ramin, su rubuta cewa zina ba laifi ba ce a Nijeriya. A Final Kod laifi ce, sashe na 387 ga namiji da 388 ga mace, amma da sharaɗin mutumin yana ƙarƙashin al'adar da ta ɗauki zina laifi. Ƙa'idar ɗaya ce a wuraren biyu, abin da aka rubuta ne ya bambanta.

Ƙanin wannan kuskure shi ne mayar da bashi laifi. Mutum ya karɓi kuɗi zai kawo siminti, farashi ya tashi, ya kasa cika alkawari. Ɗalibi ya ce damfara. Tambayar da sashe na 320 ke yi ita ce, a lokacin da ya karɓi kuɗin ya yaudari mai su ne, ya san tun farko ba zai kawo ba? In niyyarsa tsarkakakkiya ce lokacin, ciniki ne ya lalace, sai a nufi kotun da ke sauraron ƙarar haƙƙi. Sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, sashe na 7 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema. Ina jaddada wannan ne domin na sha zuwa caji ofis in tarar da tsoho a bayan kanta saboda bashin ɗansa, kuma abin takaicin wani lokaci lauya ne ya rubuta takardar koken da ta jawo haka.

Aiki da niyya

Nan ne zan daɗe, domin nan aka fi zubar da maki. Yawancin laifuffuka ƙafa biyu gare su: aikin da aka yi a zahiri, da halin da zuciya ke ciki lokacin yin sa. Littattafai suna kiran su da Latin, actus reus da mens rea. Ɗalibai sun iya rera sunayen, amma wurin amsa tambaya sai su tabbatar da ƙafa ɗaya su bar ɗayar.

Mu koma ga yaron mai shago. Sashe na 286 na Final Kod ya ce sata ita ce mutum ya gusar da dukiyar da ake iya ɗauka daga hannun wani ba da yardarsa ba, da nufin ɗauke ta bisa rashin gaskiya. To yaron nan maigidansa ne ya miƙa masa kuɗin da hannunsa. Sharaɗin rashin yarda bai cika ba. Abin da ya yi cin amana ne, sashe na 311, wanda hukuncinsa a sashe na 312 ya kai shekara bakwai, sama da shekara biyar ta sata a sashe na 287. Tunda kuma yaron gida ne da aka damƙa wa dukiya saboda aikinsa, sashe na 314 ya fi dacewa da shi, can kuwa har shekara goma. Ga wani abu da ke ba ɗalibai mamaki: sashen sata ya yi maganar wanda dukiya ke hannunsa ne, bai ce mai ita ba. Don haka wanda ya ba da wayarsa jingina, ya faki ido ya ɗauke ta ba tare da ya biya bashin ba, yana iya zama ɓarawon wayarsa ta kansa. Kuma Final Kod bai sharɗanta sai mutum ya yi nufin raba mai kaya da kayansa har abada ba.

Yaya ake gane niyya alhali a zuci take? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kotu kuma aikin hannu take tambaya: wane makami aka ɗauka, ina aka nufa a jiki, sau nawa aka sara, me aka faɗa kafin nan. A kisan kai, sashe na 221 ya ce hukuncin kisa yana hawa in an yi aikin da niyyar kashewa, ko kuma mai aikin ya sani, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ita ce sakamakon da ya rinjaya, ba wanda ke iya faruwa kawai ba. Kalmomin nan biyu sashe na 19 ya fassara su. Abin da ke iya faruwa shi ne wanda in ya faru mai hankali ba zai yi mamaki ba. Abin da ya rinjaya shi ne wanda mai hankali zai ɗauka shi ne sakamakon da aka saba gani daga irin wannan aiki. Wanda ya daɓa wuƙa a ƙirji da wanda ya kai naushi ɗaya a tashar mota mutum ya faɗi kansa ya bugi kwalta, dukansu sun jawo mutuwa, amma tsakanin kalmomin nan biyu ne rayuwar na biyun take rataye. Ɗalibin da bai tsaya ya auna wannan ba bai amsa tambayar ba, ko da ya cika shafi huɗu.

Kada kuma a haɗa niyya da dalili. Dalili shi ne abin da ya tunzura mutum, niyya ita ce abin da ya ƙudurta yi. Wanda ya saci magani don mahaifiyarsa na kwance ya yi sata, tausayin da ake ji masa sai a wurin roƙon sassauci zai yi amfani. Haka nan ba dole ne mai gabatar da ƙara ya nuna dalilin kisa ba in sauran hujjoji sun tsaya.

Wa zai kawo hujja

A unguwa akan ce ruwa ba ya tsami banza, in an kama mutum to akwai abin da ya yi. Ɗalibi ya taso da wannan a kunne, sai ka ga ya rubuta "wanda ake tuhuma ya kasa tabbatar da cewa ba shi ya yi ba." Wannan jimla kaɗai ta isa ta rusa amsa. Sashe na 36(5) na tsarin mulki ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, sashe na 135 na dokar shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatarwa har a kore duk wani kokwanto mai ma'ana. Tun shari'ar Woolmington ta 1935 a Ingila ake kafa hujja da wannan. Zargi komai ƙarfinsa ba ya zama hujja, kuma karin maganar da ta dace da kotu ita ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Sai dai ba a ce a kore ko wane irin kokwanto ba, har da na mafarki. Wuraren da nauyin ke komawa kan wanda ake tuhuma kaɗan ne, kamar in ya ce yana da taɓin hankali ko yana cikin maye, can ma rinjayen hujja kawai ake nema daga gare shi.

Batun takardar amsa laifi a nan yake. Ɗalibai sukan cakuɗa abu biyu. In mutum ya ce duka aka yi masa ko aka tsorata shi kafin ya sa hannu, wannan maganar sashe na 29 na dokar shaida ce, sai kotu ta dakata ta yi 'yar ƙaramar shari'a a cikin shari'a ta gano ko da son ransa ya yi. In kuwa cewa ya yi sam bai taɓa faɗin haka ba, ba a buƙatar wannan, kotu za ta karɓi takardar ta auna nauyinta da sauran hujjoji a ƙarshe. Lauyan da bai san wannan bambanci ba zai yi shiru a lokacin da ake miƙa takardar, kuma lokacin nan ne kaɗai ya dace ya miƙe.

Kariya: wadda ke wankewa da wadda ke ragewa

Tsokana ba ta wanke mai kisa. Sashe na 222(1) na Final Kod ya ce in tsokana mai tsanani ta zo kwatsam har mutum ya kasa mallakar kansa, kisan yana saukowa daga wanda ke da hukuncin kisa zuwa wanda ba shi da shi, sai a koma sashe na 224 inda ɗauri zai iya kaiwa rai da rai. Duk da haka kowace shekara sai na ga ɗalibin da ya rubuta a sallami wanda ake tuhuma. Kuma kalmar kwatsam tana da aiki. Wanda aka zaga da safe a Nyanya, ya hau mota ya je gida ya ɗauko adda ya dawo da la'asar, ya sami lokacin hucewa. Wannan batu yana da tarihi a Arewa: a shari'ar Tsofo Gubba ta 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa bisa mazhabar Malikiyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke saboda akwai tsokana, kuma irin wannan karo tsakanin dokoki biyu yana cikin abin da ya kai ga rubuta Final Kod.

Kare kai kuwa yana wankewa gaba ɗaya, amma da iyaka. Sashe na 62 ya hana a yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata, sashe na 63 kuma ya ce babu wannan haƙƙi in akwai sukunin neman taimakon hukuma. Da maharin ya juya baya ya ruga, haɗarin ya wuce, bin sa a sare shi ramuwa ce. Taron da ya kama ɓarawon waya a Kubwa ya lakaɗa masa duka har ya mutu ba kare kai ya yi ba, kuma duk wanda ya sa hannu da manufa ɗaya da sauran, sashe na 79 yana ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya aikata.

Sauran zan bi su da sauri. Haɗari a sashe na 48 sai in halastaccen aiki ake yi ta halastacciyar hanya tare da kulawar da ta kamata, don haka mai tuƙi da gudun wuce sa'a a titin filin jirgi ba zai laɓe a nan ba. Wanda ya bugu da kansa, sashe na 44 yana ɗaukarsa ya san abin da zai sani da bai sha ba. Wanda aka ɗura wa ba da saninsa ba shi ne sashe na 52 ya kare. Taɓin hankali a sashe na 51 ana duba shi ne a daidai lokacin aikin, ko ya hana mutum sanin abin da yake yi ko sanin cewa ba daidai ba ne, katin asibiti shi kaɗai bai wadatar ba. Yaro ƙasa da shekara bakwai ba ya laifi ko kaɗan a sashe na 50, daga bakwai zuwa ƙasa da sha biyu kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da ya yi. Kuskuren fahimtar abin da ke faruwa yana iya zama kariya, rashin sanin doka ba ya zama. Kuskuren ma sai mai ma'ana: a shari'ar Gadam ta 1954 wani mutum ya kashe tsohuwa domin ya gaskata ita ta kama kurwar matarsa, kotu ta ƙi karɓar wannan imani a matsayin kariya duk da ta yarda mutanen yankin da yawa sun yi imani da maita.

Abokin ɓarawo

An ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, amma kotu ba ta hukunci da wannan. Kasancewar mutum a wurin da aka yi laifi kawai ba ta sa shi ciki. Sai an nuna manufa ɗaya, ko ya zuga ko ya taimaka kamar yadda sashe na 83 ya bayyana, ko an ƙulla yarjejeniya wadda ita ce haɗa baki a sashe na 96. Haɗa baki laifi ne mai zaman kansa, da zarar mutum biyu sun amince za su aikata laifi ya tabbata ko da ba su kai ga yi ba, kuma mutum ɗaya ba ya haɗa baki da kansa. Ɓarawon zaune, mai sayen kayan sata yana sane, nasa sashen daban ne, 316 da 317, kuma hukuncinsa ya kai shekara goma sha huɗu. Sashe na 167 na dokar shaida ya ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓa, sai in ya yi bayanin da ya gamsar. Shi ya sa nake gaya wa ƙannena masu sayen waya ta hannu su karɓi rasit su kuma san shagon.

Shiri da yunƙuri ma ana cakuɗa su. Sayen fetur da ashana shiri ne. Zuba fetur a ƙofar shagon wani a ƙyasta ashana iska ta kashe, wannan yunƙuri ne, sashe na 95 ya hau.

Yadda nake so a amsa tambaya

Ka fara da wurin da abin ya faru da kundin da ke aiki a can. Ka kawo sashen, ka jera sharuɗɗansa da lamba a gefen takarda, kowane sharaɗi ka sa masa gaskiyar da ta cika shi daga cikin labarin, in babu ka faɗa ƙarara cewa babu. Bayan nan ne za ka duba kariya, ka kuma ce wankewa take yi ko ragewa. Sunan shari'a ba tare da ƙa'idar da ta kafa ba bai da amfani, gara ƙa'ida ba suna da suna ba ƙa'ida.

Ka mallaki kundin kansa, kada ka dogara da taƙaitaccen rubutun da ake yaɗawa a WhatsApp daren jarrabawa, domin kalma ɗaya da aka yar a ciki, irin su "kwatsam" ko "ba da yardarsa ba", ita ce shari'ar gaba ɗaya. Kuma duk ranar da ba ka da lacca, ka je kotun majistare ta Wuse ko babbar kotu a Maitama ka zauna a bencin baya da kundinka a cinya. In aka karanta tuhuma, buɗe sashen, ka riƙa sa alama a kan kowane sharaɗi yayin da shaidu ke magana, ka ga wanne ya cika wanne ya rage kafin mai gabatar da ƙara ya rufe nasa ɓangaren.